Ibn Haldun (1332–1406): Rayuwarsa da Tunaninsa Kan Tattalin Arziki

1.0 Gabatarwa

Duk lokacin da aka ɗauko zancen tarihin ilimin tattalin arziki, yawancin littattafan makaranta sukan fara ne da Adam Smith, masanin nan ɗan ƙasar Sikotilan, wanda ya wallafa littafinsa kan arzikin al'ummu a shekarar 1776. To amma kusan shekara 400 kafin wannan lokaci, an yi wani malami a Arewacin Afirka wanda ya zauna ya yi nazarin waɗannan tambayoyi: Daga ina dukiya take samuwa? Me yake sa kaya su yi tsada ko araha? Me ya sa ƙasar da ta bunƙasa takan dawo ta tsiyace? Wannan malami shi ne Ibn Haldun. A wannan babi za a kawo tarihin rayuwarsa tare da muhimman ra'ayoyinsa, domin ba a iya raba su. Kusan duk abin da ya rubuta game da tashin dauloli da faɗuwarsu, ya gan shi da idonsa a fadojin sarakunan da ya yi wa aiki.

2.0 Asalinsa da Ƙuruciyarsa

Cikakken sunansa shi ne Abdurrahman ɗan Muhammadu ɗan Haldun, ana kuma yi masa alkunya da Abu Zaid. An haife shi a birnin Tunis ranar 1 ga watan Ramalana, shekara ta 732 Hijiriyya, wadda ta yi daidai da 27 ga Mayu, 1332 Miladiyya. Danginsa suna danganta asalinsu ga Larabawan Hadaramautu ta ƙasar Yaman. Kakanninsa sun daɗe zaune a birnin Ishbiliyya na Andalus, wato kudancin ƙasar Sifen ta yau, inda suka yi suna a harkar mulki da ilimi. Gab da faɗawar birnin hannun Kiristocin Kastila a shekarar 1248, sai suka tsallako teku zuwa Arewacin Afirka, daga bisani suka zauna a Tunis ƙarƙashin daular Hafsawa.

Kamar sauran 'ya'yan manya na zamaninsa, Ibn Haldun ya fara da haddar Alƙur'ani, sannan ya karanci Hadisi da Fiƙihun Malikiyya da Nahawu da adabin Larabci. A shekarar 1347 Sarkin Maroko, Abul Hasan, ya ci birnin Tunis da yaƙi, ya zo da tawagar manyan malamai. Daga cikinsu akwai Muhammadu al-Abili, wanda ya koya wa Ibn Haldun Manɗiƙi da Lissafi da Falsafa. A wurin wannan malami ne ya koyi bin diddigin dalili kafin ya karɓi labari.

Ba a jima ba sai babbar annobar nan da ta ratsa Asiya da Turai da Arewacin Afirka ta iso Tunis a tsakanin 1348 da 1349. Ta kashe mahaifinsa da mahaifiyarsa da malamansa da dama, alhali bai wuce shekara 17 da haihuwa ba. Wannan musiba ta bar masa tabo har ƙarshen rayuwarsa. Ya ga yadda garuruwa suka zama kufai, hanyoyin fatauci suka mutu, sana'o'i suka durƙushe, ba don ƙasa ta daina ba da amfani ba, sai don mutanen da suke aikin sun ƙare. Wannan abin da ya gani yana daga cikin tushen ra'ayinsa cewa mutane da aikinsu su ne ainihin dukiya.

3.0 Shekarun Aikin Fada

Yana da kimanin shekara 20 ya sami aikin magatakarda a fadar Tunis, inda aikinsa shi ne rubuta alamar sarki a kan takardun hukuma. Wannan aiki bai gamsar da shi ba. A shekarar 1354 ya isa birnin Fas, ya shiga cikin malaman fadar Sarki Abu Inan. Bayan 'yan shekaru aka zarge shi da haɗa baki da wani ɗan sarki, aka jefa shi kurkuku a 1357. Ya yi kusan shekara biyu a tsare, ba a sake shi ba sai bayan rasuwar sarkin a 1358.

A shekarar 1362 ya ƙetara zuwa Garnaɗa, wadda ita ce daular Musulmi ta ƙarshe da ta rage a Andalus. Sarkinta, Muhammadu na Biyar, ya karɓe shi hannu biyu-biyu, har ya aike shi jakadanci wurin Sarki Fedro na Kastila a 1364. A Ishbiliyya aka yi wannan ganawa, wato garin kakanninsa. Sarki Fedro ya nemi ya zauna a wurinsa, ya kuma yi alkawarin mayar masa da kadarorin gidansu, amma Ibn Haldun bai amince ba. Da dangantaka ta yi tsami tsakaninsa da wazirin Garnaɗa, Ibn al-Haɗib, sai ya koma Afirka a 1365, ya zama babban waziri a birnin Bijaya na ƙasar Aljeriya ta yau. Shekara ɗaya kacal aka yi, aka kashe sarkin da yake yi wa aiki.

Daga nan ya yi kusan shekara tara yana kai da komowa tsakanin fadojin Tilimsan da Fas da kuma zangon ƙabilun makiyaya na bakin hamada. Sarakuna sukan aike shi ya tara musu mayaƙa daga waɗannan ƙabilu, ko ya sasanta su. Ta haka ya san rayuwar ƙauye da ta birni, ya san yadda ake tara haraji da yadda ake ɓarnatar da shi. Masu tarihi da dama sun soke shi da yawan sauya ubangida, kuma sukar tana da tushe. Sai dai a zamanin da sarauta ba ta daɗewa a hannu ɗaya, bafaden da bai iya takunsa ba yakan rasa kansa. Ibn al-Haɗib an kashe shi a kurkukun Fas, haka kuma ƙanen Ibn Haldun, Yahaya, kashe shi aka yi a Tilimsan.

4.0 Keɓewarsa da Rubuta Muƙaddima

A shekarar 1375 Ibn Haldun ya gaji da rikicin fada. Ya nemi mafaka wurin ƙabilar Aulad Arif, suka saukar da shi da iyalinsa a wata ganuwa da ake kira Ƙal'atu Ibn Salama a yammacin Aljeriya. Ya zauna a can kusan shekara huɗu, nesa da sarakuna, nesa kuma da ɗakunan karatu. A nan ya fara rubuta babban littafinsa na tarihi, Kitabul Ibar. Gabatarwar littafin da kashinsa na farko su ne suka shahara da sunan Muƙaddima, kuma ya kammala zubin farko a cikin wata biyar a shekarar 1377.

Abin da ya dame shi tun farko shi ne yadda masu rubuta tarihi suke kwashe labarai ba tare da tantancewa ba. A ganinsa, kafin a yarda da labari dole a auna shi da ɗabi'ar zaman al'umma, a ga ko zai yiwu. Wannan ya sa ya ƙirƙiro fannin da ya kira ilimin umrani, wato nazarin zaman tare da raya ƙasa. Muƙaddima tana da babi shida: na farko kan zaman ɗan'adam gaba ɗaya, na biyu kan mutanen ƙauye da makiyaya, na uku kan mulki da dauloli, na huɗu kan birane, na biyar kan neman abinci da riba da sana'o'i, na shida kuma kan ilimi da hanyoyin koyarwa. Ra'ayoyinsa na tattalin arziki sun fi yawa a babi na uku da na huɗu da na biyar.

5.0 Muhimman Ra'ayoyinsa

5.1 Aiki da Taimakon Juna

Tushen tunaninsa shi ne, riba da dukiya ƙimar aikin ɗan'adam ne. Gona da ma'adinai da dabbobi ba sa zama dukiya sai an sa musu hannu. Haka kuma mutum ɗaya ba zai iya samar wa kansa ko da abincin yini ba, domin kafin hatsi ya zama abinci ana bukatar manomi da maƙeri da masassaƙi da mai niƙa da mai dafawa. Idan waɗannan suka haɗa hannu, kowa ya riƙe ɓangarensa, abin da za su samar zai ninka bukatarsu. Wannan rarar ita ce ake kaiwa kasuwa, ita ce kuma take haifar da sababbin sana'o'i. Saboda haka garin da ya fi yawan jama'a masu aiki shi ya fi wadata. Ya kafa hujja da cewa abin da alƙali ko ɗan kasuwa yake samu a Fas ya fi na takwaransa na Tilimsan, har ma ya lura cewa mabaratan Fas sukan roƙi kuɗin dabbar layya, alhali na ƙananan garuruwa abin da za su ci kawai suke roƙo.

5.2 Farashi da Fatauci

Ibn Haldun ya bayyana cewa farashi yana bin yawan kaya da yawan masu nema. A manyan birane hatsi yakan yi sauƙi saboda kowa ya damu da samar da shi da adana shi, amma kayan alatu da ladan masu sana'a sukan yi tsada saboda masu bukata sun yi yawa. Ya ƙara da cewa harajin kasuwa da wahalar samar da kaya duk suna shiga cikin farashi. Misalin da ya bayar shi ne na Musulmin Andalus, waɗanda aka matse su a bakin teku inda ƙasa ba ta da kyau. Dole suka riƙa kashe kuɗi wajen taki da gyaran gona, wannan ya sa abinci ya yi tsada a wurinsu. Ya kuma yi gargaɗi cewa araha mai tsanani idan ta daɗe takan karya manomi da ɗan kasuwa, kamar yadda tsada mai tsanani take cutar da mai saye. Game da zinariya da azurfa kuwa, ya ɗauke su a matsayin ma'aunin ƙima da ma'ajiyar dukiya, yana mai nuni da cewa yawansu a ƙasa ba shi ne yake sa ta wadata ba.

A nan ne ya taɓo fataucin hamada. Ya lura cewa fataken da suke ratsa Sahara zuwa ƙasashen Sudan, wato yankin baƙar fata na kudu da hamada, suna cikin waɗanda suka fi kowa dukiya. Dalili shi ne nisan hanya da ƙishirwa da haɗari sun sa masu zuwa kaɗan ne, saboda haka kayan da suka kai suna daraja a can, waɗanda suka sayo kuma suna daraja a gida.

5.3 Haraji da Baitulmali

Wannan shi ne ra'ayinsa da ya fi shahara a yau. Ya nuna cewa a farkon daula haraji kaɗan ne a kan kowane mutum, amma abin da yake shiga baitulmali yana da yawa, domin jama'a suna da ƙwarin guiwar noma da kasuwanci. Da masu mulki suka saba da jin daɗi, bukatunsu suka ƙaru, sai su riƙa ƙara haraji sannu a hankali, su ƙirƙiro sababbi a ƙofofin gari da kasuwanni. Idan manomi ya kwatanta wahalarsa da abin da ya rage masa, sai ya saki fartanya. Ta haka haraji yakan yi nauyi, kuɗin shiga kuma ya ragu, hukuma ta ƙara matsawa don cike giɓi, al'amari ya ƙara lalacewa.

Sai dai bai tsaya nan ba. Ya kuma bayyana cewa hukuma ita ce babbar mai saye a ƙasa. Idan sarki ya ƙulle dukiya a taska ya daina biyan ma'aikata da mayaƙa, kasuwa takan yi sanyi, riba ta ragu, harajin da ake karɓa shi ma ya ragu. Ke nan dukiya yawo take yi tsakanin talakawa da hukuma, duk wanda ya tare ta a cikinsu ya cuci ɗayan, ya kuma cuci kansa.

5.4 Zalunci da Kasuwancin Masu Mulki

Ibn Haldun ya ware fasali guda don nuna cewa zalunci yana rusa ƙasa. Zalunci a wurinsa ya haɗa da ƙwace dukiya, da sa mutane aikin tilas, da karɓar harajin da ba bisa ƙa'ida ba, da tilasta wa 'yan kasuwa su sayar da araha ko su saya da tsada. Mutumin da ya san za a ƙwace abin da ya tara ba zai wahalar da kansa wajen tarawa ba. Haka kuma ya soki sarkin da yake shiga noma da kasuwanci don neman riba, domin talaka ba zai iya gasa da mai iko ba. Ribar da sarkin zai samu ba za ta kai harajin da zai yi asara ba idan 'yan kasuwa suka karye.

5.5 Tsufan Daula da Tsufan Gida

A ganinsa daula tana tashi ne da asabiyya, wato ƙarfin haɗin kai da kishin juna da ake samu tsakanin mutanen da suka sha wuya tare. Da zarar sun kama mulki sun shiga birni, jin daɗi yakan cinye wannan haɗin kai. Ya ƙiyasta cewa daula ba ta cika wuce zuriya uku ba, kimanin shekara 120, kuma takan bi matakai biyar: cin nasara, tattara iko a hannu ɗaya, hutu da gine-gine, gamsuwa da kwaikwayon magabata, sannan almubazzaranci. Haka ya ce ɗaukakar gida takan ƙare a zuriya ta huɗu. Wanda ya gina ya san wahalar da ya sha. Ɗansa ya koya a gabansa. Jikansa kwaikwayo kawai yake yi. Na huɗu kuwa yana zaton ɗaukakar haƙƙinsa ce ta gado, sai ya yi watsi da halayen da suka kawo ta.

A cikin Kitabul Ibar ya kawo tarihin sarakunan Mali, har da Mansa Musa wanda ya yi aikin Hajji a 1324. Ya ba da labarin wani sarki da ya zo daga baya, Mari Jata na Biyu, wanda ya ɓarnatar da taskar ƙasa, har ya sayar wa fataken Masar da wani ƙaton curin zinariya na gado a kan kuɗi ƙalilan. Wannan labari ya yi daidai da mataki na biyar da ya zayyana.

6.0 Zamansa a Masar da Rasuwarsa

A shekarar 1378 ya koma Tunis don ya sami littattafan da zai kammala aikinsa. Saɓani da babban malamin garin, Ibn Arafa, ya hana shi sakewa, sai ya nemi izinin tafiya Hajji, ya bar ƙasar a 1382. Ya sauka Iskandariyya, ya wuce Alƙahira, ya fara karantarwa a Masallacin Azhar. Sarki Barƙuƙ ya ba shi koyarwa a makarantar Ƙamhiyya, sannan a 1384 ya naɗa shi alƙalin alƙalai na Malikiyya. Ya yi ƙoƙarin kawar da cin hanci da shaidar zur a kotuna, wannan ya jawo masa maƙiya. A wannan shekarar ce kuma jirgin ruwan da ya ɗauko iyalinsa daga Tunis ya nutse kusa da Iskandariyya. Ya bar alƙalanci, ya sauke farali a 1387, ya koma koyarwa. A tsawon zamansa a Masar sau shida ana naɗa shi wannan muƙami.

A ƙarshen shekarar 1400 ya raka Sarki Faraj zuwa Dimashƙa, lokacin da mayaƙin nan Taimur ya kewaye birnin. Da sarkin ya janye ya koma Masar, sai aka zura Ibn Haldun da igiya daga kan ganuwa a farkon 1401, ya je sansanin Taimur. Ya yi fiye da wata guda yana ganawa da shi, har ya rubuta masa bayanin ƙasashen Magrib. Wannan bai hana a wawashe birnin ba. Ya koma Alƙahira, ya ci gaba da gyara littafinsa da rubuta tarihin rayuwarsa. Allah Ya yi masa rasuwa ranar 17 ga Maris, 1406, daidai da watan Ramalana na 808 Hijiriyya, aka binne shi a maƙabartar Sufaye da ke wajen ƙofar Babun Nasri.

7.0 Tasirinsa

Almajirinsa al-Maƙrizi ya bi sawunsa, ya rubuta littafi kan yunwa da lalacewar kuɗi a Masar. Daga baya masu tarihin daular Usmaniyya ta Turkiyya, irin su Katib Calabi da Na'ima, sun yi amfani da ra'ayinsa wajen bayyana raunin daularsu. An buga Muƙaddima da Larabci a Faris a 1858, wato shekara 68 bayan mutuwar Adam Smith, sannan Franz Rosenthal ya fassara ta gaba ɗaya zuwa Ingilishi a 1958. A 1981 Shugaban Amurka Ronald Reagan ya ambaci sunansa lokacin da yake kare shirinsa na rage haraji. Ya kamata ɗalibi ya lura cewa masu irin wannan ambato sukan ɗauki rabin maganarsa ne, su bar rabin da ya shafi kuɗin da hukuma take kashewa da kuma adalci.

Fannin tsara manufofin kamfani na dogon lokaci bai bayyana ba sai a ƙarni na 20, musamman da littafin Alfred Chandler na 1962 da na Igor Ansoff na 1965. Ibn Haldun dauloli da gidajen sarauta ya nazarta, domin babu kamfanoni irin na yau a zamaninsa. Duk da haka, matsalar da ya gano ita ce take gaban duk mai tsara makomar kamfani: yadda nasara take haifar da sakaci, yadda kuɗin gudanarwa yake kumbura har ya cinye riba, da yadda magada suke riƙe tsohuwar hanya bayan sun manta dalilinta.

Ga malamin makaranta kuwa, ya lissafa koyarwa a cikin sana'o'i, wadda take bunƙasa inda gari ya bunƙasa. Ya shawarci malami ya bi da ɗalibi daki-daki, ya guji tsanantawa, domin tsanani yana koya wa yaro ƙarya da kasala. Ya kuma lura tun a wancan lokaci cewa malamai da limamai ba su cika tara dukiya ba, saboda jama'a ba sa jin bukatar aikinsu da gaggawa kamar yadda suke jin bukatar abinci da sutura.

8.0 Kammalawa

A wannan babi an ga yadda Ibn Haldun ya tashi maraya bayan annoba, ya yi wa sarakuna da dama aiki, ya ɗanɗani muƙami da kurkuku, sannan ya keɓe ya mayar da abin da ya gani ilimi. Taƙaitaccen saƙonsa shi ne, dukiyar ƙasa tana fitowa daga aikin jama'arta da taimakon juna, tana ɗorewa idan mai aiki ya tabbata zai ci guminsa, tana kuma gushewa idan masu mulki suka fifita jin daɗinsu a kan adalci.

Tambayoyi

1. Bayyana yadda annobar 1348 da aikin fada suka yi tasiri a kan tunanin Ibn Haldun.
2. Kawo babi shida na Muƙaddima, tare da nuna waɗanda suka shafi tattalin arziki.
3. Yi sharhi a kan ra'ayinsa game da haraji, ta fuskar talakawa da ta hukuma.
4. Me ake nufi da asabiyya? Danganta ta da matakai biyar na rayuwar daula.
5. Nemo karin magana uku na Hausa da suka dace da ra'ayinsa kan aiki da gado, sannan ka yi bayaninsu.